Kayan Ɗakin Haya na Farko a Kano: Tambayoyi da Amsoshi

Matashi ya biya hayar ciki da falo, kuɗin hannunsa sun kusa ƙarewa. Da me zai fara?

Yawancin masu gidaje a Kano hayar shekara guda suke karɓa a dunƙule, ga kuma la'adar dillali, saboda haka mai sabon ɗaki yakan shiga da aljihu a bushe. Ga wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa da yawa ba, wato naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024, babu yadda za a yi ya cika ɗaki a wata guda. Abin da ya kamata ya gabatar shi ne wanda jiki ba ya iya kwana babu shi: katifa, gidan sauro, labule, fanka, bokiti da durom na ajiyar ruwa, tunda unguwanni da dama sun dogara ne da 'yan ga-ruwa. Kafin ya shigar da komai kuma, ya canza kwaɗon ƙofa, ya duba ko akwai bashin wuta a kan mitar gidan.

Shin ya dace a sayi katifa ta hannu don a rage kashe kuɗi?

A ganina nan ne kaɗai bai kamata a yi tsimi ba. Kuɗin cizo yana ɓuya a ɗinkin katifa da tsagin katako, yana iya shafe watanni bai sha jini ba kuma bai mutu ba, kuma idan ya shiga ɗaki, kuɗin feshin da za a yi ta kashewa sai ya haura rarar da aka samu. Gara mutum ya sayi sabuwa mai ƙarfin soso, irin ta Vitafoam ko Mouka, daga wakilin da aka sani, domin akwai jabu a kasuwa. Gado kuwa zai iya jira. Katifa a kan ledar ƙasa ta wadatar.

To kujeru fa? Baƙi za su zo.

Za su zo, kuma darduma ko kafet da 'yan matasai biyu sun ishe su, domin zaman ƙasa ba abin kunya ba ne a ƙasar Hausa. Akwai kuma wani lissafi da samari suke mantawa: bisa al'ada iyayen amarya ne suke yin kayan ɗaki, gado da kujeru da jeren kicin. Wanda yake shirin aure nan da shekara ɗaya ko biyu, idan ya zuba kuɗinsa a saitin kujeru, ranar jere sai an fitar da su an sayar a wulaƙance. Idan dole ne, ya ba kafinta aikin tebur da kujera ɗaya, ya kuma ƙayyade masa katako na gaske, saboda allon garin katako yana kumbura da zarar ya sha ruwa. Kada ya biya kuɗin aikin duka kafin ya ga kaya.

A ina ake samun sauƙin sauran kayan?

Yadin labule a Kantin Kwari, a kai wa tela. Robobi da bokitai a Ƙofar Wambai. Tukwane da kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari. Tukunyar gas mai kilo 6 da kan girkinta ta ishi mutum ɗaya, amma a duba shekarar da aka ƙera ta, kuma kada a ajiye ta a ɗakin kwana.

Cin bashi ko biya kaɗan-kaɗan fa?

Kayan da ake bayarwa a biya wata-wata farashinsu yakan ɗara na kuɗi hannu, kuma biyan yakan ci karo da tanadin hayar baɗi. Shiga adashi da abokan aiki amintattu ya fi sauƙi: kwasar farko ta tafi ga fanka mai caji kafin zafin Maris da Afrilu, firji kuwa sai an ga yadda wutar unguwar take.