Na'urorin Sanyaya Jikin Majinyaci

Na'urorin sanyaya jiki kayan asibiti ne da likitoci ke amfani da su wajen saukar da zafin jikin majinyaci da gangan, daga digiri 37 da aka saba zuwa tsakanin 32 da 36 a ma'aunin Salshiyas. An fi yi wa wanda zuciyarsa ta tsaya aka farfaɗo da ita amma bai dawo hayyacinsa ba. Dalilin shi ne ƙwaƙwalwar da ta rasa iskar oksijin tana ci gaba da lalacewa ko bayan jini ya dawo, sanyi kuwa yana rage aikinta da kimanin kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari a kowane digiri.

Tarihi

Ana ruwaito cewa Dominique Larrey, likitan rundunar Napoleon, ya lura sojojin da aka kwantar kusa da wuta suna rigan waɗanda aka bari a sanyi mutuwa. Amma wanda ya fara ƙera kayan aikin shi ne Temple Fay, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Filadelfiya ta Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1930. Da farko ƙanƙara yake jibga wa majinyata, daga baya ya haɗa bargon da aka zura wa siraran tiyo na roba, ruwan sanyi yana zagayawa a ciki. Wannan bargo shi ne kakan yawancin na'urorin yau, kuma Fay ya cancanci a fi tunawa da shi.

A 1950 Wilfred Bigelow ya nuna a Toronto cewa karen da aka sanyaya yana jure tsayar da gudun jininsa na wasu mintuna, sannan a 1952 F. John Lewis ya yi wa wata yarinya tiyatar buɗe zuciya a Minnesota bayan an sanyaya ta da bargo, aka kuma dawo da ɗuminta a cikin bahon ruwan zafi. Daga nan dabarar ta ja baya a sashen gaggawa na shekaru da dama, saboda sanyi mai tsanani yana jawo zubar jini, kamuwa da cuta da rikicewar bugun zuciya. Ta dawo a 2002, lokacin da bincike biyu, ɗaya a Turai ɗaya a Melbon ta Ostireliya, suka nuna amfanin matsakaicin sanyi. Na Melbon ɗin da jakunkunan ƙanƙara kawai aka yi shi.

Ire-irensu

Mafi sauƙi su ne jakunkunan ƙanƙara da ake sawa a hammata, wuya da matsematsi, sai dai wuyar saitawa gare su, domin zafin jiki kan sauka ƙasa da inda ake so. Na'urorin zamani irin su Arctic Sun suna da faffaɗan manne mai danƙo da ake liƙawa a baya, ciki da cinyoyi, ruwa yana zagayawa a cikinsa. Ana zura ma'aunin zafi a mafitsara ko hanyar abinci, injin yana karanta shi yana sauya sanyin ruwan da kansa. Nas takan ɗaga mannen lokaci-lokaci ta duba ko fata ta fara ja ko salewa.

Akwai kuma na cikin jijiya, irin su Thermogard, inda ake zura siririn tiyo ta babbar jijiyar cinya, ruwan gishiri mai sanyi yana zagayawa a cikin 'yan balan-balan ɗinsa ba tare da ya gauraya da jini ba. Na'urar RhinoChill kuwa feshin wani ruwa mai sanyaya jiki take yi ta hanci.

An daina ba da shawarar yin ƙarin ruwa mai sanyi da sauri kafin a isa asibiti, saboda yana tara ruwa a huhu.

Yadda ake aiki da su

Babban abokin gabar na'urar shi ne makyarkyata, domin jiki yana ƙoƙarin mayar da ɗuminsa, don haka ake ba da maganin barci, wani lokaci har da na sassauta tsoka. Yawanci ana riƙe sanyin na awa 24, sannan a ɗumama majinyaci a hankali, digiri 0.25 zuwa 0.5 a awa. Jariran da suka rasa iska wajen haihuwa ana riƙe su a kusan digiri 33.5 na awa 72.

Saɓani

Manyan bincike na 2013 da 2021 ba su sami fifikon digiri 33 a kan 36, ko a kan hana zazzaɓi kaɗai ba. Asibitoci da yawa yanzu suna amfani da na'urorin nan wajen hana zafin jiki haurawa.