Wanda ya kamu bai sani ba, da yadda yake sauya lissafin mace-mace lokacin annoba

Duk lokacin da annoba ta ɓarke, abin da jama'a ke fara tambayarmu mu ma'aikatan lafiya shi ne, cikin waɗanda suka kamu mutum nawa take kashewa? Amsar tana rataye ne da wata tambayar da ba kasafai ake yi ba, wato su wa aka ƙirga cewa sun kamu. Akwai ƙwayoyin cuta da kan shiga jikin mutum su yi kwanakinsu su fita, babu zazzaɓi, babu tari, ko ciwon kai bai ji ba. Wannan mutumin ba zai je asibiti ba, ba za a gwada shi ba, kuma sunansa ba zai shiga littafin kowa ba.

A ce an kwantar da mutum 100 a asibitin wani gari, 5 suka rasu. Za a ba da rahoto cewa cutar tana kashe kashi 5 cikin ɗari. To idan akwai wasu 900 a cikin garin da suka kamu amma suna ta harkokinsu a kasuwa da gona, ainihin lissafin mutum 5 ne cikin 1,000, rabin kashi ɗaya ke nan. Gawar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Yawan waɗanda aka raba ta a kansu ne ya sauya.

Haka ta faru da korona. Ranar 3 ga Maris, 2020, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya ce kimanin kashi 3.4 cikin ɗari na waɗanda aka ba da rahoton sun kamu ne suka mutu. Maganarsa daidai take, sai dai mutane da yawa ba su riƙe sashen da ya ce "waɗanda aka ba da rahoto" ba. A lokacin kayan gwaji sun yi ƙaranci a ko'ina, galibi sai wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ake gwadawa.

Inda aka samu damar gwada kusan kowa ne idon masana ya buɗe. Jirgin ruwan Diamond Princess da aka killace a tashar Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020 yana ɗauke da mutum 3,711. An samu 712 da cutar, kuma kusan rabinsu ba su da wata alama a ranar da aka gwada su. Wasu daga baya ciwon ya bayyana a jikinsu, don haka dole a bambanta wanda alamarsa ba ta fito ba tukuna da wanda ba za ta taɓa fitowa ba. Duk da cewa fasinjojin yawancinsu dattawa ne, waɗanda suka rasu ba su wuce kashi 2 cikin ɗari na masu cutar ba. A ƙaramin garin Vo da ke Italiya ma an gwada mafi yawan mazauna, aka tarar fiye da kashi 40 cikin ɗari na masu ɗauke da cutar ba su ji komai ba.

A nan gida, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, da abokan aikinta sun bi gida-gida a watannin Satumba da Oktoba na 2020 suna ɗibar jini, don neman shaidar da garkuwar jiki ke bari bayan ta yi faɗa da cuta. An ga wannan shaida a jinin kashi 23 cikin ɗari na mutanen da aka gwada a Legas da Inugu, kashi 19 a Nasarawa, kashi 9 a Gombe. Miliyoyin mutane ke nan, alhali waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk faɗin Najeriya a lokacin ko 100,000 ba su kai ba.

A nan ne nake so mu tsaya da kyau, domin a nan ake yawan kuskure. Da mutum ya ji kason ya sauko daga 3 zuwa ƙasa da 1, sai ya ce ashe dama ba wata cuta ba ce, an dai tayar mana da hankali. Wannan fahimta tana da haɗari ƙwarai. Kashi 1 cikin ɗari na mutum 1,000 rai 10 ne, amma na mutum miliyan ɗaya rai 10,000 ne. Kuma masu ɗauke da cutar ba su sani ba, waɗanda suka sa kason ya yi ƙasa, su ne dai ke kai ta ko'ina. Mai zazzaɓi yana kwance a ɗaki, kowa ya san ya yi kaffa-kaffa da shi. Saurayin da ke jin kansa garau kuwa zai je ɗaurin aure, ya shiga motar haya, ya dawo ya durƙusa gaban kakarsa mai ciwon suga ya gaishe ta. Shi ba abin da zai same shi, ita ce za ta kwanta. Mun san wannan tun daga shan inna: yawancin yaran da ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa nuna komai, kusan ɗaya cikin 200 ne ke shanyewa, shi ya sa yaro ɗaya da ƙafarsa ta shanye yake sa a yi wa gari guda rigakafi. Zazzaɓin Lassa ma kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa jin komai ko kuma ciwon ya zo musu da sauƙi, amma cikin waɗanda ya kai ga kwanciya asibiti mace-macen suna da yawa.

Sannan su ma mamatan ba duka ake ƙirgawa ba. A Afrilun 2020 masu haƙa kabari a Kano ne suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce kima. Bayan bincike, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Mu al'umma ce da ke gaggauta suturta mamaci kamar yadda addini ya koyar, da yawa kuma a gida suke cikawa, ba gwaji ba takardar shaidar mutuwa. Ba mu kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙarin mutanen da suka mutu sanadiyyar annobar a 2020 da 2021 sun kai miliyan 14.9, yayin da ƙasashe suka ba da rahoton miliyan 5.4 kawai. Idan ba a ƙirga duka masu cutar ba kason zai kumbura, idan ba a ƙirga duka mamata ba kuma zai yi ƙasa da gaskiya, kuma a wurarenmu duka biyun kan faru lokaci guda.

Saboda haka idan aka sake faɗar wani kaso a rediyo, ku saurara ku ji ko cikin waɗanda aka kwantar ne, ko waɗanda aka gwada, ko kuwa duk waɗanda ake ƙiyasta sun kamu. Kada ku yi mamaki idan adadin ya sauya bayan wata biyu, ƙarin gwaji ne ya kawo hakan, ba ƙarya aka yi da farko ba. Idan ma'aikata suka zo unguwa tare da mai unguwa suna neman gwada masu lafiya, don Allah a ba su haɗin kai, lafiyayyun ne ake nema don a san iyakar inda cutar ta kai. Wanda kuma aka yi wa rasuwa a gida, bayan an yi jana'iza ya daure ya sanar da asibiti mafi kusa irin ciwon da mamacin ya yi, ya kuma yi rajistar mutuwar a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke ƙaramar hukumarsa.