Ɗakin Roba

Ɗakin Roba laƙabi ne na zolaya da malaman makarantun gwamnati na birnin New York a Amurka suka raɗa wa wasu cibiyoyi da Ma'aikatar Ilimi ta birnin ta riƙa ajiye malaman da ake zargi da laifi ko gazawa a aiki, har sai an saurari ƙararsu. A hukumance sunansu cibiyoyin sauyin wurin aiki na wucin gadi, amma da wuya a ji wanda ya kira su da haka. An aro laƙabin ne daga ɗakunan asibitin masu taɓin hankali, waɗanda ake lulluɓe bangonsu da abu mai taushi don kada mara lafiya ya ji wa kansa rauni. Manufar zolayar a fili take: ko ka shiga da hankalinka, zaman jira zai iya raba ka da shi.

Tushen lamarin doka ce ta jihar New York wadda ta hana korar malamin da aka tabbatar a aiki sai an gurfanar da shi gaban mai sasantawa mai zaman kansa. Dokar kariya ce daga shugaban makaranta mai son zuciya, kuma ba wanda ya isa ya ce ba ta da amfani. Matsalar a wancan lokaci ita ce masu sasantawar ba su da yawa, kuma kwana biyar kawai suke zama a wata. Hukuma ba ta yarda wanda ake zargi ya koma aji ba, doka kuma ba ta yarda a tsayar da albashinsa ba. Sai aka samo mafita irin ta ofis: ya zo kullum, ya sa hannu a rajista, ya zauna har lokacin tashi.

Haka mutane suka shafe watanni, wasu shekaru, suna karɓar cikakken albashi ba su koyar da kowa ba. Wani ya yi ta karatun jarida, wani ya buga karta, wani ya yi barcinsa. Kujerar da ke kusa da taga ta zama abin rigima, domin wanda ya daɗe a ɗakin yana ganin gadonsa ce. A 2009 malamai fiye da 600 ne ke irin wannan zama, a tsarin makarantu mafi girma a Amurka mai ɗalibai sama da miliyan ɗaya, kuma kuɗin da ake kashewa a kansu ya kai gomman miliyoyin daloli a shekara. Abin da masu dariya kan manta shi ne, a cikin ɗakin akwai mai laifi na gaske, akwai kuma wanda saɓani da shugabansa kawai ya jefa shi can.

A watan Afrilun 2010 magajin gari Michael Bloomberg da shugaban ƙungiyar malamai Michael Mulgrew suka sanar da yarjejeniyar rufe ɗakunan. Aka ƙara yawan masu sasantawa, aka ce waɗanda ake zargi su riƙa taya aikin takardu a ofisoshi. Jaridun birnin sun ci gaba da ruwaito cewa zaman banzan bai ƙare ba, an dai warwatsa shi ne.

Laƙabin yana da 'yan uwa. A Los Angeles irin wannan wuri "kurkukun malamai" ake ce masa. Akwai kuma "rawar lemun tsami", wato yadda shugabannin makarantu kan yi ta tura wa juna malamin da ba sa so maimakon shiga wahalar korarsa; a bakin Amurkawa lemun tsami na nufin kaya mara kyau da aka yaudare ka ka saya. Ko tsohuwar hedikwatar hukumar ilimin New York, lamba 110 a titin Livingston da ke Brooklyn, adireshinta kaɗai ya zama habaici ga ofishin da takarda ke shiga ba ta fita. Da Bloomberg ya karɓi ragamar makarantu a 2002, ya kwashe ofishin zuwa ginin kotun Tweed da ke Manhattan, ginin da ke ɗauke da sunan ɗan siyasar da ya yi ƙaurin suna wajen wawure kuɗin gina shi.