Ƙarfafa ƙasar fit da siminti

Ƙasar fit ƙasa ce baƙa mai laushi da ke samuwa a dausayi, inda tsirrai ke mutuwa cikin ruwa su taru shekaru dubbai ba su gama ruɓewa ba. Tana da yawa a Finlan, Kanada, Rasha, Indonesiya da Malesiya. Ruwan da ke cikinta yakan ninka nauyin busasshen jikinta sau da yawa, shi ya sa idan aka ɗora mata titi ko gini sai ta yi ta lotsawa shekara da shekaru.

Maimakon a kwashe ta a cike gurbin da yashi, ana iya cakuɗa ta da siminti a inda take. A Finlan aka bunƙasa wannan dabara a farkon shekarun 1990. Ana ɗaura wani ganga mai haƙora a hannun motar haƙa ƙasa, yana juyawa yana dama ƙasar har zurfin mita 5 ko fiye, iska mai ƙarfi kuma tana hura garin siminti ta cikin bututu. Busasshe ake zuba shi, tun da ƙasar ba ta rasa ruwa ba.

Sai dai fit ba ta karɓar siminti da sauƙi. Asid ɗin da ruɓaɓɓun tsirrai ke fitarwa yana kama sinadarin kalsiyam, wanda siminti ke buƙata kafin ya daskare, ga shi kuma babu tsakuwa ko yashin kirki da zai riƙe. Don haka tana cin siminti da yawa, sau da yawa kilo 150 zuwa 250 a kowace mita kubik. Akan haɗa da yashi, ko tokar kwal, ko niƙaƙƙen kashin ƙarfe, wato dattin da ke fita idan an narka ƙarfe. Farar ƙasa ita kaɗai, duk da amfaninta ga laka, ba ta yin abin a zo a gani a nan.

Da an gama damawa, tun haɗin bai kama ba, ake shimfiɗa yadi mai ƙarfi a kai a zuba ƙasa mai kaurin rabin mita zuwa mita 1. Nauyin yana matse iska da ruwa, kuma aikin da aka tsallake wannan mataki ba ya kai ƙarfin da ake nema.

Fit ta wani wuri ba ɗaya take da ta wani ba, don haka ana gwada haɗi daban-daban a ɗakin gwaji, a auna ƙarfinsu bayan kwana 28, kafin a tsayar da adadin simintin da za a zuba.