Hassan ne ko Usaini? Waiwaye kan finafinan soyayya na ɓad-da-kama

Wanda ya taɓa kallo a silimar Kwararafa da ke Jos ya san ihun da ake yi idan jaruma ta tare Hassan da hira tana zaton Usaini ne. Kowa a zauren ya san gaskiya sai ita, wani har miƙewa yake yana cewa, "Ke, ba shi ba ne!"

Dabarar ta kwana biyu. Kusan shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, Plautus na birnin Rum ya rubuta Menaechmi, wasan tagwayen da aka raba tun suna yara, har matar ɗaya ta kasa bambance su. Wajen 1594 Shakespeare ya ɗauko labarin, ya ƙara masa tagwayen barori, ya fitar da The Comedy of Errors.

Mu dai ta Indiya abin ya fi shigo mana. Dilip Kumar ya fito a matsayin mutum biyu a Ram Aur Shyam a 1967, Hema Malini ta yi irin haka a Seeta Aur Geeta a 1972. A 2008 kuwa Shah Rukh Khan ya aske gashin baki ya sauya tufafi a Rab Ne Bana Di Jodi, wai matarsa ta aure ba ta gane shi ba. Wannan kam an raina mana wayo, amma mun kalla.

Ba baƙon abu suka kawo mana ba. Kakanninmu sun ba mu tatsuniyar budurwar da ta ƙi duk miji mai tabo, ta auri dodon da ya rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi. Shi ya sa da finafinan Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, tagwayen ba su kama kasuwa kamar ɓoye asali ba: ɗan attajiri ya koma direba ko mai gadi don ya ga ko don Allah ake son sa. A inda ba a ɗaura aure sai an yi bincike, tambayar "ɗan gidan wa ne?" ita ce ƙashin bayan labari.

Wayar salula ta so ta kashe kasuwar, tunda kira ɗaya zai warware ruɗanin. Sai marubuta suka tura ɓad-da-kamar cikin wayar: kuskuren lamba, hoton aro a Facebook, budurwa a Unguwar Rogo da ke Jos ta kwana tana hira da "wani ɗan Abuja", alhali mai Keke Napep ɗin da ke kai ta kasuwar Taminus kullum ne, wanda ko jiya sai da suka yi faɗa kan canji.