Waiwaye: Harafin Ҫ mai wutsiya a rubutun Cubashi

Duk wanda ya buɗe littafin harshen Cubashi zai fara ganin haruffan Rashanci ne, sai can ya ci karo da wani mai ɗan jela a ƙasa: Ҫ. Yana wakiltar sauti mai kama da "sh" mai laushi. Da shi ake fara rubuta kalmarsu ta burodi, ҫӑкӑр, da ҫул, wadda ke nufin hanya ko shekara.

Cubashi ɗan dangin harsunan Turkiyya ne, amma shi kaɗai ya rage a reshen tsoffin Bulgar na kogin Volga. Masu shi suna da jamhuriyarsu a cikin Rasha, babban birninta Cheboksary. An buga nahawunsa na farko a 1769 da haruffan Rashanci, waɗanda ba su ɗauke sautukansa yadda ya kamata ba. Sai da malami Ivan Yakovlev, wanda ya kafa makarantar Cubashawa a Simbirsk a 1868, ya zauna ya tsara musu abacada. Ya fara da haruffa 47 a 1871, ya ga sun yi wa yara yawa, ya yi ta ragewa. Wannan shi ne hikimarsa a ganina: bai yi kwaɗayin ba kowane ƙaramin bambancin furuci harafinsa ba.

Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta mayar da Tatar da wasu harsuna kan haruffan Latin, ba a taɓa Cubashi ba. Gyaran 1938 ya kusantar da shi ga Rashanci, a yau kuwa haruffansa 37 ne: 33 na Rashanci, da Ӑ, Ӗ, Ҫ da Ӳ. Bashkirawa, wata al'umma a Rasha, su ma suna da Ҫ, sai dai furucinsu daban.

Kwamfuta ce ta kawo matsala. Allon buga rubutu na Rashanci ba shi da waɗannan huɗun, sai mutane suka riƙa aro ç ɗin Faransanci da ă da ĕ na Latin. A ido ɗaya suke, a wurin na'ura kuwa hanyar jirgi daban ta mota daban, don haka kalma ɗaya takan kasu biyu a intanet, mai nema ya samu rabi. Bahaushen da ya sha ganin ƙ, ɗ da ɓ sun koma akwatuna a waya ya san zafin wannan. Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya daɗe da tanadar wa Ҫ gurbinsa, amma tsoffin rubuce-rubucen da aka buga da haruffan aro suna nan birjik.