Waiwaye: Daga hantsar saniya zuwa allurar korona

A 1796 wani likitan karkara a Ingila, Edward Jenner, ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsar shanu, ya ɗan tsaga fatar wani yaro ɗan shekara takwas ya shafa masa. Matar daga hantsar saniya ta kwaso ƙurjin. Da aka gwada sa wa yaron cutar agana daga baya, ba ta kama shi ba. Ashe tun rigakafin farko, da cutar dabba aka yi wa mutum garkuwa. A 1885 kuma Louis Pasteur ya ceci wani yaro da mahaukacin kare ya ciza, da allurar da ya haɗa daga busasshiyar lakar zomo.

Daga nan sababbin cututtuka suka yi ta tsallakowa daga dabbobi zuwa mutane: Lassa daga ɓera a 1969, Nipah daga jemagu ta hanyar aladu a Malesiya a 1998, MERS daga raƙuma a 2012. Sare dazuzzuka da cunkoson dabbobi a gonakin kiwo da kasuwanni sun ƙara kusanta mutum da su.

Labarin Ebola ne ya fi ɗaure kai. An gano ta tun 1976. Masana a Kanada sun haɗa rigakafin da ya kare birai tun shekarun 2000, amma aka jingine shi, domin kamfanonin magunguna ba su hango riba a cutar da ke kashe talakawa a ƙauyuka ba. Sai da annobar 2014 zuwa 2016 ta ci rayuka fiye da 11,000 a Gini, Laberiya da Saliyo, sannan aka kakkaɓe masa ƙura aka gwada shi a Gini a 2015. Lasisi bai fito ba sai 2019. Wannan abin kunyar na cikin dalilan kafa CEPI a 2017, wani ƙawancen ƙasa da ƙasa don zuba kuɗi a aikin haɗa rigakafi kafin annoba ta ɓarke.

Masu mamakin yadda allurar korona ta fito cikin ƙasa da shekara guda sun manta cewa ba daga sama ta faɗo ba. Aikin da aka yi kan SARS da MERS, cututtuka biyu na dangin korona, ya riga ya nuna wa masana ɓangaren ƙwayar cutar da za su auna, wato ƙayoyin da take maƙale wa jikin mutum da su. Kuɗi ne kawai suka zo a kan kari, saboda wannan karon cutar ba ta bar ƙasashe masu arziki ba.

Zazzaɓin Lassa kuwa ya haura shekara 50 da ganowa, kuma har yanzu allurarsa tana matakin gwaji.